Fitsari na zubo min in na yi tari ko atishawa, aikin tiyata ne mafita?

Maman_Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawarar waɗanda suka sani nake nema. Tun bayan haihuwata ta biyar, in na yi tari ko atishawa ko dariya mai ƙarfi sai fitsari ya zubo min ban ma ji zuwansa ba. Da ɗigo ne, yanzu kuwa in na ɗaga jarkar ruwa sai na sake wando. Kullum cikin ƙunzugu nake yini ko ba na al'ada. Na je asibiti, likitar mata ta duba ni ta ce ba yoyon fitsari ba ne, ƙofar mafitsara ce ta saki. Ta koya min wani matse jiki, ta ce in bai yi ba akwai aikin da ake yi, a saka siririyar raga a ƙarƙashin hanyar fitsari. To maigidana ya ji wai an hana wannan aikin a Ingila, ya ce in dakata tukuna. Akwai wadda aka taɓa yi wa a nan? Shekarata 41.

Ummu_Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya Maman Hanif. Wallahi kamar kin shiga zuciyata. Ni ma haka nake fama, ko 'yar uwata da muke ciki ɗaya ban taɓa gaya wa ba. Ina nan ina bin amsoshin.

Hajiya_Binta_KT: 'Yata, kada ki ɓata lokaci, ai wannan shi ne yoyon fitsari. Ki taho Katsina, asibitin Babbar Ruga, aikinsu ke nan dare da rana, kuma ba a karɓar kuɗin aiki.

Sista_Rabi: Hajiya, a gafarce ni, ba ɗaya ba ne. Na daɗe ina aiki a ɗakin masu yoyon fitsari. Mai yoyo, huda ce ta samu tsakanin mafitsara da gabanta, yawanci daga doguwar naƙuda, wani lokaci daga yankan gishiri ko daga aikin tiyata. Fitsarinta ba ya tsayawa, tana kwance tana zaune, dare da rana, shimfiɗarta a jiƙe. Abin da Maman Hanif ta faɗa kuwa babu huda. Tana barci lafiya ta tashi a bushe, sai an matsa wa ciki da tari ko ɗaukar kaya sannan ya ɓalle. Yadda muke rarrabewa: a zuba ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara ta roba, a duba ko zai fito ta wata hanyar da ba tasa ba. In bai fito ba, sai a ce ta yi tari, a ga ko zai tsarto ta ƙofar fitsarin kanta. Amma gaskiyarki ta wani gefen, likitocin Babbar Ruga da na cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano da na Ningi da Jahun sun san wannan sashe na jikin mace ƙwarai, don hannunsu kullum a nan yake.

Hajiya_Binta_KT: Ashe. Na gode Sista, mu duk zubar fitsari suna ɗaya muke ba shi.

Zee_Kano: Anti ki gwada shiga ruwan bagaruwa mai ɗumi safe da yamma, sannan akwai haɗin matsi da wata mai kayan mata take yi, in kina so in turo miki lambarta. Ba komai ne sai an yanka mutum ba.

Sista_Rabi: Zee, don Allah a bar turo lambar. Bagaruwa fatar waje take tamkewa, tsokar da ta saki tana can ciki ba ta isa gare ta ba. Haɗin da ake cusawa kuwa, na ga matan da ya ƙona wa gaba har wurin ya tamushe, aikin da zai yi sauƙi ya koma mai wuya.

Likita_Halima: Sannunku. Bari in ɗan tsawaita, don tambayar tana da muhimmanci kuma mata da yawa suna shiru a kanta.

Ki ɗauki tiyon ruwa. In yana kan siminti kika taka shi, ruwa ya tsaya. In yana cikin taɓo kika taka, sai ya nutse, ruwa ya ci gaba da gudu. Bututun fitsarin mace haka yake: a ƙarƙashinsa akwai tsoka da tantani masu tauri, in kin yi tari sai bututun ya dannu a kansu ya rufe. Ciki da haihuwa, ƙiba, tari mai daɗewa, yawan yunƙurin bayan gida da daina al'ada su ne ke sassauta wannan madogara. Yawancin ayyukan da ake yi, burinsu a mayar wa bututun abin dogara.

Na farko shi ne ragar da likitarki ta ambata. Wani likita ɗan Suwidin, Ulf Ulmsten, ya fito da ita a 1996, ana ce mata TVT. Faɗinta wajen santimita 1, ana shigar da ita ta ɗan ƙaramin yanka a cikin gaba, bakinta biyu su bi ta bayan ƙashin mara. A 2001 wani likitan Faransa, Delorme, ya kawo wata hanyar da ragar ke fita ta matsematsin cinya, ita ce TOT. Aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma da yawa ana sallamarsu a ranar ko washegari. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2010, a kan mata 597, ya samu bayan shekara guda kusan kashi 81 cikin 100 na masu TVT da kusan kashi 78 na masu TOT sun warke a gwajin asibiti. Kowacce da nata haɗarin: ta bayan mara an fi samun allura ta huda mafitsara lokacin aiki, shi ya sa ake leƙa mafitsarar da kyamara kafin a rufe, ta cinya kuma an fi samun ciwon matsematsi daga baya.

Na biyu, aikin Burch, tun 1961 ake yin sa. Babu raga. Ana yanka ƙasan mara irin na masu haihuwa ta aiki, ko a yi ta ƙananan huji da kyamara, a ɗinke gefen gaba a rataye shi jikin wata jijiya mai ƙarfi da ke jikin ƙashin ƙugu.

Na uku, a yanko ɗan tantani mai tauri daga jikinki, na bangon ciki ko na cinya, a yi majanyi da shi da zai tallafi bututun a madadin raga. An gwada shi da Burch a mata 655, aka buga a 2007: bayan shekara 2, kashi 66 na masu majanyin jiki sun rabu da zubar tari, masu Burch kashi 49. Sai dai masu majanyin sun fi fama da ciwon sanyin mafitsara da wahalar fitar fitsari bayan aiki.

Na huɗu allura ce ta wani ruwa mai kauri da ake yi a bangon bututun don ya cike ya matse. Ita ta fi sauƙi, amma ƙarfinta bai kai na sauran ba, kuma sau da yawa sai an maimaita.

Jummai_Ingila: Likita, na gode da bayani, amma maigidan Maman Hanif bai ji ƙarya ba. A nan nake zaune, a gabana aka yi. A watan Yulin 2018 aka dakatar da saka wannan raga a asibitocin gwamnatin Ingila, bayan mata sun yi ta kuka shekara da shekaru. Kwamitin da Julia Cumberlege, 'yar majalisar dattawa, ta jagoranta ya fitar da rahotonsa a Yulin 2020, kuma abin da ya fi ɗaga min hankali a ciki shi ne yadda aka riƙa ce wa matan ciwon a ransu yake kawai. Akwai wata abokiyar aikina, Baturiya, da aka saka wa. Yanzu ba ta iya zama a kujera na tsawon lokaci, sai ta karkace a kan cinya ɗaya, da ɗan matashi take yawo a jaka. An yi ƙoƙarin cirewa, wani ɓangare ya ƙi fita don nama ya riga ya saƙe da shi. Ni dai ba zan ba 'yar uwata shawarar raga ba.

Likita_Halima: Anti Jummai, duk abin da kika faɗa haka yake, kuma ba na raina wahalar matar nan. Abu biyu zan ƙara. Raga iri biyu ce a wannan rigima. Akwai mai faɗi da ake shimfiɗawa ta gaba don zazzagowar mahaifa ko mafitsara, ita ce hukumar magunguna ta Amurka ta hana sayarwa a Afrilun 2019. Siririyar ta zubar fitsari ba a hana ta a can ba, har yau ana saka ta a Amurka da ƙasashe da dama. Sannan a Ingilar kanta an bi bayanan mata fiye da 95,000 da aka saka wa, aka samu wajen kashi 3 cikin 100 ne aka cire wa a cikin shekara 9. Adadin ba shi da yawa, amma in ke ce cikin ukun nan, lissafi ba zai rage miki raɗaɗi ba.

Jummai_Ingila: Kuma wannan waɗanda aka cire wa ne kawai, Likita. Masu ciwo da suka haƙura suka zauna a gida ba su shiga lissafin ba.

Likita_Halima: Haka ne, ban musa ba.

Maman_Ilham: Ni an yi min, ta bayan mara. Allurar baya aka yi min, ina ji suna magana har aka gama. Na kwana da robar fitsari, da safe aka cire aka ce sai na yi fitsari da kaina sun auna abin da ya rage kafin a sallame ni. Abin da ya rage a jikina ɗigo biyu ne a ƙasan mara, yanzu sai na nema nake ganinsu. An hana ni ɗaukar nauyi da kusantar maigida na mako 6. Abin da ya canja shi ne fitsarin ba ya fita da ƙarfi kamar da, sai na zauna na natsu, ba a yi masa gaggawa. Amma a azumin da ya biyo baya na tsaya tarawihi a masallaci tun daga farko har aka sallame, ban fita sahu ba. Shekaru na yi rabona da haka. Ni kam alhamdu lillahi.

Larai_Zazzau: Allah ya ƙara lafiya Maman Ilham. Ni nawa bai zo da daɗi haka ba. Ta cinya aka yi min a wani asibitin kuɗi. Zubar ta tsaya, gaskiya, amma cinyata ta hagu ta riƙe, in na buɗa ƙafa zan hau babur ko in tsallaka kwata sai in ji kamar an ja wata igiya a ciki. Da na koma sai aka ce ai zai bari. Ya ragu amma bai bari ba. Abin da ya fi ƙona min rai, kafin aikin ba wanda ya ce min akwai wata hanyar ban da wannan. Sai yau a bakin Likita Halima na ji akwai wanda ake yi da naman jikin mutum.

Maman_Hanif: Innalillahi. Sannu Yaya Larai. Kun ga abin da ke sa ni ruɗewa, ga mai godiya ga mai kuka.

Ummu_Sadiq: Tunda Maman Ilham ta ambaci salla, don Allah yaya alwalar mai wannan lalura? Ni wani lokaci a ruku'u yake zubo min, sai in sallame in sake, har in yi ta maimaitawa ina kuka.

Malama_Asmau: Ummu Sadiq, Allah ya yaye miki. Malamai sun yi magana a kan wannan a babin salisul bauli, wato fitsarin da ke zuba ba da son mutum ba. A mazhabar Malikiyya, in zubar tana lazimtar mutum rabin lokaci ko fiye, ba ta karya alwala, an dai so ya sabunta. In kuwa jefi-jefi take zuwa, ƙasa da rabin lokaci, tana karyawa. Wasu mazhabobin sun ce mai uzuri ya yi alwala bayan shigar lokacin kowace salla, ya tsare wurin da ƙyalle, ya yi sallarsa ko da ya zubo. Ki zauna da malamar Islamiyyarku ki faɗa mata yadda naki yake dalla-dalla don ta gaya miki inda kika faɗa. Kada ki bari waswasi ya shiga, addini bai ɗora miki abin da ba ki iyawa ba. Neman magani kuma ba rashin tawakkali ba ne.

Ummu_Sadiq: Allah ya saka da alheri Malama. Kin sauke min wani nauyi.

Hadiza_Maradi: Ina gaishe ku daga Maraɗi. Ƙanwata ta samu yoyo wajen haihuwar fari, aka yi mata aiki aka ce hudar ta rufe sarai. Amma har yanzu in ta miƙe tsaye ko ta yi tafiya sai ya zubo. Dangin miji suna cewa aikin ne bai yi ba. Shin wannan ragar za ta yi mata?

Sista_Rabi: Hadiza, wannan mun san shi sosai, kuma yana cikin abin da ya fi karya wa mata zuciya a ɗakinmu. An rufe huda, gwajin shuɗi ya nuna babu yoyo, amma naƙudar ta riga ta cinye bututun da tsokar da ke rufe shi, wani lokaci mafitsarar ma ta ƙanƙance. Likitocin yoyo ba su cika son saka raga a irin wannan wuri ba, saboda naman ya zama tabo, ba jini sosai, raga na iya cin wurin ta buɗe sabuwar huda. Sun fi yin gyara da naman jikin mai shi. Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya zauna Babbar Ruga tun shekarun 1980, ya yi aiki mai yawa a kan wannan matsala. Ku kuma kuna da cibiyar aikin yoyo ta Danja kusa da ku, tun 2012 take aiki. Ta koma wajen masu aikin yoyo, ba kowane likita ba. Dangin miji kuma a yi musu bayani, ba laifinta ba ne.

Hadiza_Maradi: Madalla, na gode. Zan gaya wa innarmu.

Baraka_Gusau: Ni tambayata ga Maman Hanif: kin gama haihuwa? Don na ji an ce ciki na warware aikin.

Maman_Hanif: Ni dai a raina na gama, Yaya Baraka. Maigida ne yake cewa ko ɗaya a ƙara.

Likita_Halima: To wannan magana ce da sai kun gama ta ku biyu kafin ranar aiki. Shawarar da ake bayarwa ita ce a jinkirta har mace ta kammala haihuwa, don ciki da naƙuda na iya mayar da hannun agogo baya. Ba wai in an yi aikin ciki ya haramta ba ne, amma ba a so a yi gyara sau biyu, na biyu bai cika kai na farko kyau ba.

Zee_Kano: Kun gani, ashe dai maganata ce, ba sai an yi aiki ba.

Likita_Halima: Rabin maganarki, Zee. Ba a fara da aiki, amma ba da bagaruwa ake farawa ba. Maman Hanif, wane irin matsi kike yi, kuma tun yaushe?

Maman_Hanif: In na je fitsari sai in tsayar in saki. Ban daɗe da farawa ba, kuma wasu ranakun hidima kan sa in manta.

Likita_Halima: To ba a gwada shi ba tukuna. Tsayar da fitsari sau ɗaya ake yi don ki gane tsokar, ba a mayar da shi al'ada, yana hana mafitsara ta zubar da komai. Ki kwanta rigingine, ki matse kamar kina riƙe iska a cikin mutane, ki ja sama, ba tare da kin ƙanƙame ciki ko cinya ko kin riƙe numfashi ba. Ki riƙe ɗan lokaci, ki saki gaba ɗaya. Aƙalla sau 8 a zama ɗaya, zama 3 a yini, wata 3 cur kafin a ce bai yi ba. Ki haɗa shi da lokutan salla don kada ki manta. Sannan duk lokacin da kika ji atishawa na tahowa ko za ki ɗaga jarka, ki riga ta matsewa. In akwai sashen gashi da motsa jiki a asibitinku, ki nemi mai koyar da wannan ta duba ko tsokar da ta dace kike matsewa, don mata da yawa yunƙuri suke yi a zatonsu matsi ne. Likitan da ya yaɗa wannan, Arnold Kegel, tun 1948 ya rubuta a kai.

In akwai ƙiba ma a duba. A wani bincike na 2009, matan da suka rage wajen kashi 8 cikin 100 na nauyinsu a wata 6, zubar ta ragu musu da kashi 47. Akwai kuma zoben roba da ake sakawa a gaba ya tallafi bututun, ana cirewa a wanke, ya dace da wadda ba ta gama haihuwa ba.

Larai_Zazzau: Ni na yi matsin nan har na gaji, bai yi min komai ba. Kada a sa mata ta ga kamar ita ce ba ta yi ƙoƙari ba in bai yi ba.

Sista_Rabi: Gaskiya ne Yaya Larai. Wasu yana warkar da su, wasu ya rage, wasu kuma abin ya wuce nan.

Jummai_Ingila: Ni abin da har yanzu ban samu amsarsa ba: a nan an buɗe cibiyoyi na musamman don cire raga, da likitocin mata da na mafitsara da na ciwo a wuri ɗaya. In ta ba mace matsala a gida, wa zai cire mata? Wanda ya iya sakawa ba lallai ya iya cirewa ba.

Likita_Halima: Tambayar da ya kamata Maman Hanif ta yi wa likitarta ke nan, baki da baki. Ta tambaye ta wane iri ta fi yi da hannunta, ko tana yin Burch da majanyin jiki ko raga kaɗai ta iya, in fitsari ya ƙi fita bayan aiki me za a yi, kuma in ragar ta fito ko ta kawo ciwo ita za ta cire ko wa za ta tura ta wajensa. A rubuta mata sunan ragar a katinta. A manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika akwai likitocin mata da na mafitsara a gida ɗaya, ba laifi ta nemi ra'ayi na biyu. Ni a nawa ganin, aikin da likita ya ƙware a kai ya fi wanda ya fi suna a takarda.

Maman_Ilham: Ni dai ko yau aka dawo da ni baya zan sake yarda a saka min.

Jummai_Ingila: Ni kuma da ni ce, na jikina zan zaɓa ko da jinyar ta fi tsawo.

Maman_Hanif: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Zan riƙe matsin yadda Likita ta ce har wata ukun, in tambayi zoben nan, mu kuma yi maganar haihuwa da Abban Hanif. Zancen raga ko naman jiki har yanzu zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

Fati_Azare: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Mahaifiyata ce, ta haura 60. Ita ba tari ke kawo mata ba, fitsarin ne ke kama ta farat ɗaya, kafin ta ɗauki buta ta kai banɗaki ya zubo, da dare kuma ta tashi ba adadi. Wanne daga cikin ayyukan nan zai yi mata?

Likita_Halima: Fati, babu ko ɗaya. Na Mama wani iri ne daban, mafitsarar ce ke matsewa da kanta ba a ba ta izini ba, kuma raga na iya ƙara mata shi. Ku fara kai ta a gwada fitsarinta da sugan jininta, a duba ko tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Ta rage shayi da lemon kwalba, musamman da yamma. Akwai horon mafitsara da ƙwayoyin da ake bayarwa. Kafin ku je, ki rubuta min na kwana 3: ƙarfe nawa take fitsari, me ta sha, sau nawa ya kufce mata.